Akwa ko tofas? Yadda za ka raba su da sikelin zinari da kofin ruwa

A shagona da ke Gusau akwai wani dutse shuɗi da nake ajiyewa cikin kwalin ashana, girmansa bai wuce ƙwallon dabino ba. Na saye shi shekarun baya da sunan akwa, wato dutsen adon nan akwamarin, a hannun wani mutum da ya shigo da duwatsu ƙunshe a leda yana rantsuwa cewa daga Nasarawa aka kawo su. Ni sana'ata zinari ce, a lokacin ban san dawar garin ba. Na ɗaga shi a rana, na ga ruwansa garai-garai kamar sararin sama bayan ruwa ya ɗauke, na ƙirga kuɗi na miƙa.

Kwana biyu bayan haka na nuna wa wani dattijon unguwarmu da ya daɗe yana harkar duwatsu a Jos. Ko kallon kirki bai yi masa ba. Ya cilla shi sama ya cafe sau biyu, ya ce, "Ɗana, wanga tofas na. Ba ka ji nauyinai ba?"

Na ce, "Baba, ai launin nasa..."

Ya ce, "Bar zancen launi. Ɗauko sikelinka, ka sa yaro ya kawo ruwa."

Abin da ya nuna mini ran nan da abin da na ƙara koyo daga baya shi ne zan shimfiɗa a nan. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilun 2019, ta ɗage haramcin a Disambar 2024, ga kuma harkar litiyom, ma'adinin da ake yin batir da shi, da ta taso a yankin Ngaski na Kebbi. Saboda haka duk wanda aka san shi da sikeli a gabansa, wata rana za a ajiye masa dutse mai ƙyalli a ce ya taya.

Me ya sa suke rikita mutane

Akwa da tofas ba dangin juna ba ne, kama kawai suka yi, kuma kama da wane ba ta wane. Akwa ɗan gidan beril ne, gidan da zumurrudu ya fito, kuma sinadaransa su ne beriliyom, alminiyom, silikon da oksijin. Ɗan ƙarfen da ya shiga jikinsa shi ke ba shi shuɗi ko shuɗi mai sirkin kore. Tofas kuwa alminiyom ne da silikon da oksijin da fulorin. Abin da ya haɗa su shi ne mahaifa: dukansu suna fitowa a jijiyoyin dutsen da masana ke kira fegmatait, irin dutsen nan mai manyan ƙwayoyi da ake samun farin dutsen ƙanƙara da wani mai ɓarewa falle-falle yana sheƙi a cikinsa. Shi ne kuma irin dutsen da masu neman litiyom ke bi. Najeriya an san ta da akwa daga Nasarawa da Kaduna da Filato, tofas kuma tun zamanin haƙar kuza ake tsintarsa a yankin Jos.

Akwa ya fi tofas tsada, kuma bambancin kuɗinsu yana da dalili. Tofas ɗin da ƙasa ke bayarwa yawanci fari ne tas, ko shuɗi mai haske ƙwarai, kuma yana da yawa. Tun shekarun 1970 aka gano cewa in an harba masa wani irin haske mai ratsa jiki a na'ura, sannan aka gasa shi, yana komawa shuɗi mai ƙarfi. Kusan duk tofas mai shuɗi sosai da za ka gani a zobe haka aka yi masa, shi ya sa yake da araha. Akwa ma ana gasa shi da zafin da ya kai wajen digiri 400 don a kore koren da ke cikinsa, amma gashi ba ya ƙirƙiro shuɗin da babu shi tun asali. Akwa mai zurfin launi sai ƙasa ta ga dama.

Ga kuma inda abin ya fi ciwo. Da giram ko karat ake sayar da su, karat ɗaya kuwa giram 0.2 ne. Tofas ya fi akwa mai girmansa nauyi da kusan kashi 30 cikin 100. Wanda ya sayi tofas a matsayin akwa sau biyu aka cuce shi: ya biya kuɗin sunan da ba shi ba, ya kuma biya kuɗin ƙarin nauyi.

Da farko, wanke shi ka kalli ƙirarsa

Ruwa da sabulu da tsohon buroshin haƙori sun isa. Kada ka lasa. Na san al'adar masu haƙa ce a tofa wa dutse yawu ko a ɗora shi a harshe don launinsa ya fito, amma mu nan bai kamata a tuna mana ba. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinari ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, kuma ba ka san da me dutsen nan ya kwana a buhu ɗaya ba. Haka kuma kada ka goga shi a dutsen niƙa ko injin wasa wuƙa, ƙurar beril tana da illa ga huhu.

In dutsen ɗanye ne, ba a yanka shi ba, ƙirarsa kaɗai takan gama magana. Juya shi ka kalle shi ta kai, kamar yadda za ka leƙa bakin kara. Akwa gefe shida gare shi, kamar fensir, kuma kansa yakan zama a shafe, ba tsini. Tofas in ka kalle shi ta kai kusurwa huɗu za ka gani, biyu a buɗe biyu a matse, kamar kan sarkin da aka ɗan danne, ko da an sami ƙarin ƙananan fuskoki a gefunan. Samansa yakan tafi kamar bakin kurfi ko rufin ɗaki mai ganga biyu.

Sai ka duba gindinsa, inda ya rabu da uwar dutse. Wannan ita ce alamar da na fi so. Tofas yana da tsaga a halittarsa: in ya karye, a gicciye yake rabuwa, sumul kamar an yanka da reza, fuskar tana sheƙi kamar madubi. Akwa ba ya haka. Karyewarsa irin ta kwalba ce, mai lanƙwasa da tudu da kwari. Dutsen da ke cikin kwalin ashanata, gindinsa a shafe yake ƙal, da na san wannan da ban kai ga fito da kuɗi ba. In ka haska tocila ka ga wasu layuka a gicciye a cikin dutsen suna walƙiyar launin bakan gizo, tsagar ce ta fara daga ciki, kuma hannunka mai sanda ne cewa tofas ne.

Akwai na uku da ke shiga tsakani, shi ne kwaz, farin dutsen ƙanƙara mai garai-garai. Shi ma gefe shida ne, amma kansa tsini ne, kuma ƙananan zanen da ke jikinsa a gicciye suke. Na akwa da na tofas a tsaye suke, suna bin tsawon dutsen.

Dutsen da aka tsinta a rafi fa? Ruwa ya riga ya goge masa kusurwoyi ya mai da shi tsakuwa. Wannan da wanda aka riga aka yanka, ƙira ba ta da abin faɗa a kansu, sai a wuce ga sikeli.

Sikeli da ruwa

A nan aikin yake, kuma kayansa duk suna shagon mai zinari: sikelin da ke karanta har giram 0.01, ƙaramin kofin roba marar nauyi, zaren ɗinki ko sili ɗaya na wayar wuta, tsinke ko fensir, da gwangwanaye biyu masu tsayi ɗaya. Kofin ya zama ƙarami, domin irin waɗannan sikeli da yawa ba sa ɗaukar fiye da giram 200 ko 500. Gindin gorar ruwa da aka yanke yana yi.

Hikimar tsohuwa ce, ana danganta ta ga Arkimidas na Girka fiye da shekara 2000 da suka wuce, kuma a kan zinari ma labarin ya samo asali. Duk abin da ka nutsar a ruwa yana ture ruwa daidai girman jikinsa. Mililita ɗaya na ruwa kuwa giram ɗaya ne. Saboda haka in ka san nauyin dutse a bushe, ka san nauyin ruwan da ya ture, ka raba na farko da na biyu, za ka sami lambar da ke nuna sau nawa ya fi ruwa nauyi. Kowane ma'adini da tasa lambar. Ta tsantsar zinari 19.3 ce. Ta akwa tana wajen 2.7. Ta tofas tana tsakanin 3.49 da 3.57. Tazarar da ke tsakanin 2.7 da 3.5 ba wadda za a yi gardama a kanta ba ce.

Kashe fanka, rufe taga, ka ajiye sikelin a teburin da ba ya rawa. Auna dutsen a bushe ka rubuta. Ɗaure shi da zaren, ɗauri ɗaya mai kyau, kada ka naɗe shi kamar ƙunshin goro. Ɗaya bakin zaren ka ɗaura a tsakiyar fensir. Zuba ruwa a kofin, ka ɗiga ɗigo ɗaya na sabulun ruwa, ka ɗora kofin a kan sikeli, ka danna maɓallin da ke mai da shi sifiri. Ajiye gwangwanayen hagu da dama, a kan tebur, ba tare da sun taɓa sikelin ba, ka gicciya fensirin a kansu yadda dutsen zai yi lilo a cikin ruwan.

Sharuɗɗa uku ne: dutsen ya nutse gaba ɗaya, kada ya taɓa ƙasan kofin, kada ya jingina da gefe. In ya zauna a ƙasa, nauyinsa na bushe za ka sake gani, aikin ya ɓaci. Jira lambar ta tsaya cik, ka rubuta.

Nawa dutsen a bushe giram 5.30 ne. A ruwa sikeli ya nuna 1.50. Raba 5.30 da 1.50, ka sami 3.53. Da akwa ne mai wannan nauyin, da sikelin ya nuna wajen 1.96. Dattijon nan bai ce komai ba, juyo mini da fuskar wayar kawai ya yi na ga lissafin da idona.

Yanzu ga wuraren da ake tuntuɓe. Kumfar iska da ta maƙale a jikin dutse ko a ƙullin zare tana ƙara masa girman ƙarya, sai lambar ƙarshe ta sauko. Amfanin ɗigon sabulun ke nan, kuma yana da kyau ka jiƙa dutsen kafin ka saka, ka kore kumfar da tsinke. Riƙe zaren da hannu kuwa, ko hannunka bai saba rawa ba lambar za ta yi ta tsalle, shi ya sa na ce a rataye. Dutsen da ke da ragowar uwar dutse a manne da shi lambar gauraye zai ba ka, ba ta wannan ba, ba ta wancan ba.

Sai ƙanƙanta. Dutse mai karat ɗaya, in akwa ne, ruwan giram 0.07 kawai zai ture. Sikelin ya yi kuskuren giram 0.01 ya nuna 0.08, lissafinka ya tashi daga 2.86 ya koma 2.50. Ni dai dutsen da bai kai giram ɗaya ba ba na yanke hukunci a kansa da wannan hanyar kaɗai. In ƙananan suna da yawa kuma ka tabbata iri ɗaya ne, ana iya auna su tare a cikin ɗan kwandon waya, bayan an nutsar da kwandon shi kaɗai an mai da sikeli sifiri. Kowane awo ka maimaita shi sau uku, kana shanya dutsen a tsakani.

Wasu lambobi da ya kamata su zauna maka a kai, domin ba waɗannan biyun kaɗai ake kawowa ba: kwalbar lemo wajen 2.5, kwaz 2.65, tomalin wajen 3.06, safaya 4.0 (waɗannan biyun su ma duwatsun ado ne). Lu'ulu'u kuwa, wato daimon, 3.52 ne, kusan daidai da tofas. Saboda haka in wani ya kawo maka farar tsakuwa mai nauyi yana rawar jiki wai daimon ya tsinta, sikeli ba zai raba muku gardama ba, kuma a ƙasar nan tofas ne ya fi kusa da zato.

Abin da sikeli ba ya gani

Sikeli ya raba akwa da tofas, amma ya bar ƙofa biyu a buɗe. Kwaz da akwa sun yi kusa ƙwarai, 2.65 da 2.7, kuskure kaɗan ya haɗe su. Gilashi kuma ana iya haɗa shi da dalma ko wasu sinadarai har nauyinsa ya hau ya kai na kowannensu. A nan haske ke shigowa.

Fara da ƙaramin madubin ƙara girma mai ninki goma, irin na masu gyaran agogo. Kai shi dab da idonka, ka matso da dutsen har ya fito sarai, hasken tocila yana shigowa ta gefe. A cikin akwa sau da yawa za ka ga siraran bututu a jere, duk sun miƙe sun bi tsawon dutsen, kamar saukar ruwan sama da ka hango daga nesa. Masu sana'ar ma ruwan sama suke kiransu. A tofas an fi ganin ƙananan ramuka masu ruwa a ciki da kuma tsagar da na ambata. In kuwa ka ga kumfa zagayayya ita kaɗai tana zaune a fili, ko wasu layuka masu murɗewa kamar zuma a cikin ruwa, gilashi ne. Rashin ganin komai ba hujja ba ce. Akwa da tofas duka suna iya girma su fito tas. Akwar da ake kira Dom Pedro, wadda aka haƙo a Barazil take ajiye a gidan tarihin Smithsonian a Washinton, karat 10,363 ce bayan an yanka ta.

Gwaji na gaba yana da daɗin yi, yara ma sukan taru su kalla. Ana buƙatar tabarau na rana irin wanda ke tace haske, wanda direbobi ke sa wa don kashe ƙyallin kwalta, da allon kwamfutar tafi-da-gidanka. Buɗe farin shafi, ka riƙe tabaran a gaban allon kana juya shi a hankali. In ka kai wani wuri allon ya yi baƙi ƙirin, kayan aikinka sun yi. In bai yi ba, ko tabaran ba irinsa ba ne, ko allon, sai ka canza. Riƙe tabaran a inda ya yi baƙin, ka sa dutsen tsakaninsa da allon, ka riƙa juya dutsen kamar sitiyari. Akwa da tofas da kwaz duka suna raba hasken da ya shige su gida biyu, don haka za ka ga dutsen ya yi haske ya yi duhu, sau huɗu a zagaye ɗaya. Gilashi ba ya raba haske. Zai zauna a duhu, ko ya nuna wasu baƙaƙen layuka suna yawo kamar maciji ba tare da ya haskaka gaba ɗaya ba. Hattara ɗaya: in ka leƙa akwa ta kai, daidai tsawonsa, ba zai yi wannan ƙiftawar ba, domin ta wannan fuskar ba ya raba haske. Gwada ta fuska uku kafin ka ce gilashi ne.

Da tabaran nan dai, fita waje ka ɗora akwa a kan farar takarda ka kalle shi ta gefe kana juyawa. Mai launi sosai za ka ga yana sauyawa daga shuɗi zuwa kusan fari. Tofas ma yana yi amma kaɗan. Ban ɗauki wannan a matsayin hujja ba, musamman a duwatsu masu hasken launi, shaidar ƙari ce kawai.

Mai yanke magana ita ce na'urar da ake kira rifraktomita, wadda ke auna yadda dutse ke lanƙwasa haske. Ana ɗiga wani ruwa na musamman a gilashinta, a kifa shafaffiyar fuskar dutsen a kai, a leƙa a karanta inda inuwa ta tsaya. Akwa yakan ba da 1.577 zuwa 1.583. Tofas fari ko shuɗi yana wajen 1.61 zuwa 1.62. Kwaz 1.544 zuwa 1.553, tomalin 1.624 zuwa 1.644. Ka ga a nan kwaz da akwa sun rabu sarai. Matsalarta tana son fuska mai santsi da aka goge, ruwan nata kuma guba ne, ba a barinsa a fata. In dutsen na kuɗi ne sosai, kuɗin motar zuwa Jos ko Ibadan, inda kasuwar duwatsu da masu yankansu suka fi yawa, bai kai asarar da za ka yi ba.

Batun karce

Mutane suna son wannan gwajin fiye da kima. A ma'aunin tauri na Mohs, wanda ya faro daga 1 ya tsaya a 10, tofas 8 ne, akwa 7.5 zuwa 8, kwaz 7, kwalba wajen 5.5. Duka ukun farko suna karce kwalba, don haka "ai yana yanka gilashi" ba ta tabbatar da komai ba. Abin da kawai zai amfane ka shi ne ka ja tsinin kwaz a wani ɓoyayyen gefe na ɗanyen dutse: in ya shiga ya bar zane, ba akwa ba ne, ba tofas ba ne. Tsakanin su biyun kuwa karce ba ya raba gardama. Dutsen da aka yanka aka goge, kada ka kusance shi da wannan. Guduma da wuta ma haka. Tofas duk taurinsa bugu ɗaya a daidai tsagarsa ya raba shi biyu, kuma fitar da shi daga zafi zuwa ruwan sanyi yana iya fasa shi.

In ka saya

Naɗe kowane dutse a takardarsa shi kaɗai, domin in suka haɗu a leda ɗaya suna gogar juna, tofas zai ci gefen akwa, shi ma ya ɓantare. A bayan takardar rubuta nauyin bushe, nauyin ruwa, lambar da ka samu, da inda aka ce an haƙo shi. Mai saye na gaba in ya ga haka ya san da wanda yake magana. In harkar za ka shiga da gaske, dokar ma'adinai ta 2007 ta tanadi lasisin saye da mallakar ma'adinai daga ma'aikatar ma'adinai ta tarayya, gara ka neme shi tun kafin a tare ka da kaya a hanya.

Kada kuma ka raina tofas don ka ji na ce yana da araha. Fari da shuɗi ne masu araha. Akwai mai ruwan zuma da sirkin ja da ake haƙowa a Ouro Preto ta Barazil, wanda kuɗinsa ke da nauyi ƙwarai. Irin wannan in ya faɗo hannunka, lambarsa a sikeli tana nan wajen 3.5, amma a rifraktomita takan ɗan hau zuwa 1.63.

Nawa na kwalin ashana ban sayar ba. Duk ranar da aka kawo dutse, shi nake fara ratayawa a ruwa. In ya ba ni 3.53 na san sikelin lafiya lau yake, in ya ba ni wani abu daban sai in aiki yaro ya sayo batir.